Hoton Inna a Bangon Agege

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da ƙanwata, jakar kwamfuta a bayana, majigi a cikin kwalinsa na rungume kamar jinjiri. Sana'ata ke nan a Kano. Ina haɗa hotunan biki da suna da saukar karatu, in jera su a manhaja su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, in haska a bango jama'a su kalla. Wannan karon aikin gida ne ya kira ni Legas. Yayan mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, ya cika shekara tamanin a Agege, 'ya'yansa za su yi masa walima, babbar 'yarsa kuma ta ce ni zan haɗa hotunan.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Baba da Baffa sun fi shekara talatin ba sa magana. A Agege aka haife su duka biyun. Lokacin da mahaifiyarsu, Inna, ta kwanta ciwo, Baffa yana can ƙauyukan Yarbawa wurin sarin goro. Ita ta roƙa a kai ta ga danginta, Baba ya ɗauko ta ya kawo Kano bai jira yayansa ba. Ta rasu kafin Baffa ya iso, ko jana'iza bai samu ba. Tun daga ranar ya hana a ambaci sunan ƙanensa a gidansa. Mu 'ya'ya dai muna gaisawa ta waya, amma ban taɓa ganin Baffa ido da ido ba. Da za mu fita, Baba yana zaune a soro da carbinsa, bai ce a gaishe da kowa ba. Wata hula ya miƙo min naɗe a jarida, ya ce in ce ni na saya.

A tasha kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani bara, ɗan kamasho kuma ya dage sai na biya wa majigi kujera. Na ce ai kan cinyata zai zauna, ya ce to cinyar tawa ma a motarsu take. Da ƙyar muka rabu. Zuwa Kaduna tafiya ta yi daɗi, daga nan ramuka da shingayen bincike suka karɓe mu. Kowane shinge sai an tambayi abin da ke cikin kwali. Wani jami'i da na yi wa bayani ya ce to in kunna masa fim ya gani, direba ya ce ya yi haƙuri sai mun dawo.

A Lakwaja muka yada zango, don direbanmu dattijo ne, ba ya tafiyar dare. Kifin garin ya cancanci sunan da ya yi, soyayye, da yaji, kansa ya kai tafin hannuna. Ƙanwata ta tsaya ciniki da Turancinta na makaranta, mai kifin ta bar ta ta gama, sannan ta ba ta amsa da Hausa garau ta ƙara mata ɗari biyu. Washegari muka bi ta duwatsun Okene muka faɗa daji kore shar, ga manja a jarkoki, ga ayaba da doya jibge a bakin titi. Ni dai hankalina ba ya kan hanya. Tunani nake yadda zan durƙusa gaban mutumin da bai son jin sunan ubana.

Mun shiga Legas bayan la'asar, cunkoso ya riƙe mu har rana ta yi ja. Danfo, wato ƙananan motocin hayarsu masu ruwan ɗorawa, ba su san layi ba, duk inda hancinsu ya shiga hanya ce. Amma muna sauka Agege sai na ji kamar ban bar gida ba. Ga masu shayi, ga mai tsire yana fifita wuta, ga kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda, ga ƙamshin ganyen goro. Bambancin kawai layin dogo da ya ratsa kasuwa, da Hausar mutanen. Mutum zai fara maka magana da Hausa, ya ratsa ta Yarbanci, ya sauka a Turancin buroka, bai ma san ya canza hanya ba.

Babbar 'yar Baffa, wadda nake ce wa Yaya, ita ta tarbe mu da burodin garin da wake mai manja. Burodin nan ja yake kamar roba, kuma idan ka ci rabi ka gama da yunwa har gobe. Ta kai mu muka gaida Baffa. Dogo ne, siriri, kamarsu ɗaya da Baba har tsoro ya kama ni. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya tambayi farashin gero a Kano. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba. Na ajiye hular na ce tsaraba ce, ya ce an gode, ko buɗewa bai yi ba.

Da safe Yaya ta zube min hotuna cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Baffa a rumfar goro, Baffa zai tafi Makka, Baffa da jikoki. Can ƙasa ta zaro wani baƙi-da-fari da gefensa ya ci ruwa. Inna ce zaune a kujera, samari biyu tsaye a bayanta, kowanne ya dafa kafaɗarta ɗaya. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Yaya ta ɗora yatsa a kan saurayin da ke hagu, ta kasa kallona.

"Ɗan Kano, ka yi haƙuri, abeg. Dole Inna ta fito, amma in Alhaji ya ga wannan, walima ta watse. Ka cire shi."

Ubana ne ake cewa in cire, kuma da hannuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar tattara kayana. Amma na ga ita ma ba da son ranta ba ne, tsoron ɓata wa tsohonta rana take yi. Na ce to.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don a nan abin ya faru. A manhajar da nake aiki da ita, ana ɗora hoto kan hoto hawa-hawa, kamar a shimfiɗa tabarma bisa tabarma. Kowane hawa muna ce masa leya. In kana son wani yanki na leyar sama ya ɓace, hanya biyu ce. Ko ka goge shi ya tafi har abada, ko ka lulluɓa wa leyar wani mayafi da muke kira mas. Shi mas launi uku ya sani. Inda ka shafa fari, hoto ya fito. Inda ka shafa baƙi, ya ɓuya, abin da ke leyar ƙasa ya bayyana. Inda ka shafa ruwan toka, ya fito dishi-dishi, gwargwadon duhun tokar. Wanda ya koya min aiki ya hana ni gogewa tun ranar farko, ya ce mai biki yakan sake shawara.

Sai na kwafi labulen da ke bayansu a hoton na shimfiɗa a ƙasa, na ɗora hoton a sama, na fara shafe Baba. Hula, fuska, riga, har yatsun da ke kafaɗar Inna. Babu wuta a unguwar, na rage hasken allo don kada caji ya ƙare, kuma a tsakar gida nake zaune rana tana duka. A idona Baba ya ɓace tas. Abin da na manta shi ne, aikin da na yi na ƙarshe a Kano gefen mayafin wata amarya na tausasa, burushin yana nan kan toka mai duhu, ban mayar da shi baƙi ƙirin ba. Doka ta biyu a sana'armu ita ce kada ka yarda da allo sai ka gani a bango. Ita kuwa na karya ta, don mai janareto bai iso ba sai da baƙi suka fara zama.

Walimar irin ta Legas ce. An yi anko, maza da mata, har maƙwabta Yarbawa da manyan ɗaure-ɗaurensu. Mu a Kano mutum ya cika tamanin sai dai a ce Allah ya ƙara lafiya, nan kuwa har da ɗakin taro da shinkafa dafa-duka a manyan kuloli. Malamai suka yi addu'a, aka saki labulen tagogi, na kunna majigi. Hotuna suna wucewa ana dariya, tsofaffin 'yan goro suna nuna kansu da sanda. Sai hoton Inna ya cika bango.

Hasken majigi ba irin na allona ba ne. A hagun Inna, inda ya kamata a ga labule kawai, ga mutum tsaye kamar an hango shi ta bayan gidan sauro. Ba a ganin fuskarsa sosai, amma ga tsayinsa, ga hula, ga hannu a kafaɗarta. Yaya ta dafe ƙirji. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, don na san za a ce da gangan na yi.

Baffa ya miƙe da sandarsa, ya taka har gaban bango, inuwarsa ta rufe rabin hoton. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi wanda ya yi aikin, na ce ni ne.

"Goge shi ka yi?"

"A'a, Baffa. Rufe shi na yi. Yana nan a ƙasa."

Ya sake duban bangon. Ya ce, "To buɗe."

Na mayar da burushi kan fari. A gaban kowa na fara shafawa, a bango kuma Baba yana dawowa kaɗan-kaɗan. Hular ta fito, sai kunne, sai ido, sai wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na gangaro kan rigar har zuwa yatsun. Wata tsohuwa a baya ta fara kuka tana salati. Baffa ya kai hannu ya shafa bangon, ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce, "Wannan rigar tawa ce. Aro ya yi ranar." Aka fashe da dariya, har masu kukan. Ya koma kujerarsa, amma ya hana a wuce hoton har aka raba abinci.

Kwana biyu muka ƙara. Na leƙa kasuwar Oyingbo na sayo wa uwargida busasshen kifi da ya fi na Lakwaja tsada, ƙanwata ta cika jaka da burodi kamar Kano ba a gasawa. Ranar da za mu taho muka shiga sallama, na tarar da Baffa sanye da hular nan. Bai tambayi wanda ya saya ba, ni ma ban faɗa ba. Ya miƙo min ƙunshin goro a ganye, fari zalla, wanda ya zaɓa da hannunsa, ya ce in kai wa mai aron riga.

Hanyar dawowa ba ta da labari, ban da taya da ta fashe mana kusa da Abuja da burodin ƙanwata da ya ciyar da mota guda. Mun iso gida da hantsi, na tarar da Baba a soro inda na bar shi. Na ajiye goron, na buɗe kwamfuta na nuna masa hoton, na ba shi labari tun daga farko, har da abin da aka sa ni na yi. Ya daɗe yana kallon Inna. Da na zo kan zancen riga sai ya ɗago kai.

"Ƙarya yake. Tawa ce, Inna ta saya min. Shekara tamanin bai daina ba." Ya fasa goro ɗaya, ya juya shi a hannu. "Kana da lambarsa?"

Na yi tafiye-tafiye da yawa saboda wannan sana'a, amma wannan ce ta koya min dalilin dokar maigidana ta hana gogewa. Shekara talatin muna zaton Baffa ya goge ƙanensa, ashe rufewa ya yi, kuma shi ma rufin nasa bai kai baƙi ƙirin ba. Ban ce komai ya gyaru ba, tsofaffi ne masu taurin kai, rabin wayar ma a kan riga suka yi ta. Na dai miƙa wa Baba wayar, na ja ƙanwata muka shige cikin gida, muka bar musu soron.