Ɗaliban Mushe a ƙofar gidana

Ina tsaka da tankaɗe sai na ji sallama. Na leƙa, 'yan lakwal ne cike da ƙofar gida, ɗaliban maigidana mai koyar da Faransanci a Akokan, wanda suke kira Mushe, wato malam.

Ajinsa cike yake maƙil, amma rabi barci, rabi waya. Har ya fara cewa zai aje alli ya tafi haƙar zinariya. Ni kuma in zauna da wa? Shi ne na ƙirƙiro masa labarin soyayyar direban tanka da 'yar mai lambu, na ce ya ba su da Faransanci, ya yanke daidai inda ya yi daɗi.

Wata doguwar yarinya ta matso. "Madam, Mushe ya ce ke kika san ƙarshe. Ya aure ta?"

Na ce, "Ku tambaye ni da Faransanci."

Suka yi ta gardama suna gyara wa juna har jimla ta haɗu. Ni da ba na jin ko kalma, sai gyaɗa kai nake! Na ce amsa sai a aji.

Mushe dai ya fasa tafiya. Matsalar, ni ma ban san ƙarshen ba. Jama'a, in aurar da masoyan ko in ja wa ɗaliban rai?