Jirgin da Inna Take Ɗaga wa Waya

Ni na jawo, da shegen surutuna. A shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara ina koyarwa a Gusau, Inna kuma tana wurina tana jinyar ƙafa. Yayana ya ƙi barin gonarsa a Kucheri, hanyar Tsafe kuwa ba mai binta sai da babban dalili. Muka yi sati uku ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ma tambayar lafiyarsa. Iyakarta ta ce, "Ko mutanen Kucheri sun yanke gero?"

Wata rana da hantsi, don in ɗebe mata kewa, na ba ta labarin wani abu da na taɓa karantawa. Na ce wai a wasu ƙasashe ana gwada jirage masu hawa can sama da gajimare, su yi ta shawagi suna watso sabis ƙasa, ba ruwansu da turakun waya, ba sai an jira tauraron ɗan'adam ba.

Ta ce, "To mi yah hana a kawo muna?"

Na ce sai a hankali. Da na sani, da na ce mata tatsuniya ce.

Jiragen da ke ratsa samaniyar Gusau a lokacin na yaƙi ne, daji suke nufa. Maƙwabciyarmu, wadda ta gudo daga wani ƙauyen Bungudu, da ta ji rugugi sai ta kwashe 'ya'yanta ta yi ɗaki. Inna kuwa sai ta dogara sanda ta fito tsakar gida, ta ɗaga 'yar wayarta sama har ƙarar ta ɓace, sannan ta miƙo mini. "Duba, ya shigo?"

Maƙwabciyar ta taɓa leƙowa ta ce, "Inna, wanga jirgi ba na waya ba ne."

"Ke mi kin ka sani? Malami ne yah hwaɗi."

Malamin kuwa ni ne. Kullum sai in karɓi wayar in duba, in ce bai shigo ba tukuna. Ba tausayi ne ya hana ni gyara maganar ba. A kwanakin nan ba na jin komai. In ci tuwo, in je makaranta, in dawo in duba waya, shi ke nan.

Wani direban motar hatsi ne ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Ya ce yayana ya rasu, kwana tara ke nan da binne shi. Akwai wani dutse da aka ce ana ɗan samun sabis a kansa, shi ne ya tafi da ƙafa don ya kira tsohuwarsa. A hanyar 'yan bindiga suka harbe shi. Na yi wa direban godiya, har na tambaye shi ya hanya.

Na shiga na gaya wa Inna. Ta yi salati, ta gyara zaman ƙafarta mai ciwo.

"Ina an ka same shi?"

Na ce, "A gona."

Ta ce, "To, madalla. Wurin aikinai."

Shekara biyu ta ƙara a duniya, kuma a gona ta san ya mutu.