Ƙafar Hagu a Kasuwar Aljanu

Habboba muke kiran kakarmu, yadda mutanenmu na Sudan ke yi. Bayan magariba takan hau saman benen da muke haya a unguwar Bani Malik, ta hura gawayi ta ɗora gahawa, ko da zafin Jidda na neman narka mutum. Gas na nan a kicin, amma ita a wurinta gahawar gas ruwan zafi ce kawai. In ta tashi ɗauko citta sai mu jikoki mu ƙunshe dariya, don ƙafarta ta hagu waje take kallo, tana tafe tana ɗan jan ta. Ta dawo ta zauna ta ce, "Yalla, ku matso, ga ta nan tafe. Mai surutu ya sauka ƙasa."

Tatsuniyar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta kasuwar aljanu. Wata mata ce ta ɓata hanya da 'yarta, suka faɗa kasuwar da kowa ke sanye da fuskar aro. Yarinyar ta hango mai alewa, ta saki zanen uwarta, nan take aljanu suka liƙa mata fuska irin tasu. Uwar ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Da ƙarfinta ya ƙare ta durƙusa tana kuka, sai ta ga abin da ba ta gani ba tana tsaye. "Fuska suka canja mata," in ji Habboba tana fifita garwashi. "Ƙafa kuwa, uwar ce ta wanke ta tun tana jaririya. Ta yaya za ta ɓace mata?" Ni dai abin da na ɗauka a lokacin shi ne kada in saki abayar Ummana a kasuwa.

Bara 'yata Ruƙayya, wadda ke firamare, ta ishe ni da naci sai na kai ta taron masu son katun ɗin Japan da littattafan zane, inda kowa ke yin shigar tauraron katun ɗin da yake so. Na ɗinka mata farar alkyabba, muka sayi fuskar kyanwa ta roba, ina ganin ba mai irin shigarta. Muna shiga zauren na ga kyanwoyi masu farar alkyabba ko ta ina. Ga kiɗa, ga turereniya, ga samari da takubban kwali. Na juya in ba wata mai keken jariri hanya, na waiwayo, babu Ruƙayya.

Na kira ta, ni kaina ban ji muryata ba. Mai gadi ya tambaye ni me ta saka, na faɗa masa, ya kalli zauren ya kalle ni cikin tausayi. Har na ɗaga fuskar robar wata 'yar mutane na ba uwarta haƙuri. Ba dabara ce ta sa na durƙusa jikin ginshiƙi ba, ƙarfina ne ya ƙare. Daga nan ƙasa ba abin da ake gani sai takalma. Can wajen teburin hotuna na hango wata ƙaramar ƙafar hagu tana kallon waje, ana ɗan jan ta.

Na cafko ta na rungume. Ta ɗaga fuskar roba ta ce, "Mama, khalas, ya isa haka, ai ke ce kika ɓata." Dariya da hawaye suka zo mini tare, na yi ta hamdala.

A mota na gane ba yara kaɗai Habboba ke wa tatsuniyar nan ba, har da iyayen da za mu zama. Ta rasu ba ta ga Ruƙayya ba, amma ta bar mata tafiyarta. A da kullum sai na ce wa yarinyar nan ta miƙe ƙafa ta yi tafiya kamar mutane. Tun ranar ban sake ce mata ta gyara ba.