Gwangwanin Madarar Yaya

Na yi haihuwar fari a Arlit, shekarar da kamfanin ma'adini ya fara sallamar ma'aikata. Maigidana direba ne, yana hanyar garin Tawa sa'ad da naƙuda ta zo, don haka yayarsa ce ta raka ni matanite, wato asibitin haihuwa.

Wannan baiwar Allah ta taɓa yi wa matar wani Bature wanki na wata shida, tun daga nan kuwa take ganin kanta rabin likita. Ungozoma ta ɗora mini jaririyar a ƙirji, ta ce in ba ta nono nan take. Tana juya baya, Yaya ta sure ta.

"Wannan ruwan ɗorawar za ki ɗura mata? Dakashi ƙazanta ne. Madam ba ta taɓa ba ɗanta ba."

"Yaya, ungozoma ta ce..."

"Ungozoma ta taɓa shiga gidan Bature?"

Na bar mata jaririyar. Yarinya ce ni, ga kunyar ɗan fari. Yaya ta fito da bibiro, kwalbar shayar da jariri, da gwangwanin madara, tana kaɗawa tana hura hanci.

Kwana shida muna haka. Lokacin tawaye ne, mota ba ta shigowa gari sai da rakiyar soja, madara ta ɓace daga kantuna. Gwangwani ya kusa ƙarewa, sai rabin likitarmu ta dinga ƙara ruwa, har abin ya koma farin ruwa zalla. Jaririya ta kama zawo. Kukan ma ya gagare ta, ni kuwa ƙirjina ya sandare kamar dutse.

Akwai wata tsohuwar Buzuwa daga Gougaram, wadda fari ya cinye wa awaki, tana kawo mana itace. Yaya ko sallamarta ba ta amsawa. Ran nan tsohuwar ta leƙo ɗaki, ta dubi jaririyar, ta dube ni.

"Kai, kana da nono kana ba shi ruwa? Ko akuya bai yi haka."

"Ji wadda ko Hausa ba ta iya ba!" in ji Yaya.

Tsohuwar ba ta ko kalle ta ba. Ta ɗumama ruwa, ta gasa mini ƙirji, ta tura wa jaririyar nono a baki. Kwana uku tana zuwa kafin jaririyar ta kama nonon sosai. Zawo ya tsaya.

Da ayarin motoci ya tashi, Yaya ta koma Damagaram. Har ta mutu tana faɗa wa dangi ita ta raya yarinyar nan. Ban taɓa musa mata ba, don ban ga ta kai a yi musu da ita ba.