Ɗiyar Fari da Ban Rubuta Ba

Daminar da 'yan gudun hijira suka cika Anka, na gama makaranta ina zaman jiran sakamako. Wata ƙungiyar agaji ta nemi 'yan mata masu iya rubutu, na kai kaina. Aka ajiye mini benci a bakin wani gini da ba a gama ba, inda aka sauke mutanen. Aikina in rubuta sunayen yara a littafi, in auna damtsensu da wani siririn tef mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa tamowa. Duk yaron da ya faɗa ja, sai a ba uwarsa kati da abincin mako guda, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara a 'yan ledoji. Wanda bai shiga littafina ba, ba shi da kati, ba shi da komai.

Ni a lokacin hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Tagogin ginin ba ƙyaure, idan hadari ya taso sai in gan shi ta cikinsu kamar an rataye shi a bango, in shagala. Nas ɗin da nake ƙarƙashinta, wata dattijuwa 'yar Gummi da kowa ke kira Sista, ita ke dawo da ni.

"Malama, sauko daga sama, layi na jiranki."

A irin wannan rana wata mata ta iso gabana da goyo. Ba za ta girme ni ba. Daga wani ƙauye na yankin Bukkuyum suka taho da ƙafa, mijinta kuma tun ranar da aka kai wa ƙauyen hari ba labarinsa. Matan dangin mijin suna tsaye a bayanta.

"Ɗiyanki nawa?" na tambaye ta.

Ta ɗan waiga, ta sunkuyar da kai, ta taɓa goyon. "Wanga ɗai na."

Na auna shi, ya faɗa ja. Na rubuta yaro ɗaya, na kira ta gaba.

Mako uku tana zuwa karɓar abincin, damtsen yaron bai motsa daga ja ba. Sista ta riƙe ƙugu.

"Ke, hwaɗa min gaskiya. Kasuwa kika kai shi, ko ke ka lashewa? Kumatunki dai ba su nuna ba."

Mata suka yi dariya. Sista ta ce in bi matar in ga yadda take ba shi.

Na je bayan azahar. Wurinta wata kusurwa ce da ta kange da buhu da tsohon zane. Na yi sallama na ɗaga zanen. A kan tabarma wata yarinya ce kwance, ba za ta wuce shekara huɗu ba. Ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja ya zube, idanunta a buɗe amma ba sa bin kowa. Na danna bayan ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. A gefe ga ledojin abincin, an farke su an lashe tas. Raba kowace leda take yi biyu.

"Wannan ɗiyar wa ce?"

Matar ta ce, "Ta tsohuwa ta."

"Wace tsohuwa?"

"Uwar maigida. Ita ta ɗauke ta tun yaye. Ta rasu bisa hanya."

Sai na gane. Ɗiyarta ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Na kaka ne. Ni ma ɗiyar fari ce. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" take cewa, ko "waccan". Idan baƙuwa ta tambayi 'ya'yanta, daga ƙanena take farawa, sai kakata ta ƙara ni tana dariya. Na san wannan tun kafin in san haruffa, amma da na riƙe biro sai na manta.

Motar ƙungiya ta kai mu asibiti. Ni na rungumi yarinyar, don ko a lokacin uwar ta kasa ɗaukarta a idon jama'a. Ba ta kai nauyin ƙullin wanki ba. Da aka zo cike kati na tambayi sunanta. Leɓen uwar ya motsa, murya ba ta fito ba. Na bar gurbin haka.

Sista ta ja ni gefe. Ranar ba zolaya.

"Mi kika tambaye ta ranar hwarko?"

"Ɗiyanki nawa."

"A gaban dangin mijinta?"

Na ce e. Ta dube ni ta tafi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka sa wa yarinyar siririyar roba ta hanci ana ɗura mata madara kaɗan-kaɗan. Kullum na tashi aiki can nake wucewa. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na iya, har da waɗanda na manta ƙarshensu. Uwar tana tsaye a wajen ƙafar gado, ba ta matsowa, sai dai ta gyara mayafi idan ta ga ba mai kallo. Rana ta uku yarinyar ta haɗiye madara cokali ɗaya da kanta. Na koma gida ina hango ta da allo, da ɗan hijabi, tana gudu cikin ruwan sama.

Rana ta huɗu, dab da la'asar, numfashinta ya sauya. Nas biyu suka taho da gudu. Sai na ga uwar ta kwance goyonta ta miƙa mini, ta ratsa tsakaninsu, ta sungumi ɗiyarta ta manna a ƙirji. Ta kira sunanta. Ta sake kira da ƙarfi, har matan sauran gadaje suka miƙe. Ta yi ta kira kamar mai biyan duk kiran da ta haɗiye shekara huɗu. Yarinyar ba ta amsa ba.

Na ji sunan sarai. Ban rubuta shi ranar da zai yi amfani ba, ba kuma zan rubuta shi nan ba.

Washegari na ɗauki littafin na bi ginin kusurwa-kusurwa, ina samun kowace mace ita kaɗai. Na daina tambayar 'ya'ya nawa. Sai in ce, "Wa da wa ke ci a kwanonki? Ina na tsohuwa?" Na samo wasu yaran a bayan zannuwa, wasunsu da sauran lokacin ceto.

Bayan mako biyu matar ta zo layi da goyonta. Yanzu ledar duka tasa ce. Na zagaya tef ɗin a damtsensa, ya tsaya a rawaya.

"Ya samu sauƙi," na ce mata.

Ta dubi rawayar ta daɗe. Sannan ta karɓi ledojinta, ta mayar da yaron baya, ta ɗaure zanenta, ta wuce.