Wayata a Jikin Randar Umma

Ranar Juma'a ce cikin bazara, na zo gida Nguru daga Kano hutun kwana uku. Ƙanwata tana da tantancewar shiga makarantar jinya a Gashua ƙarfe huɗu, kuma an ce duk wadda ba ta zo da takardar gayyata a buge ba, ko ƙofa ba za ta wuce ba. Takardar kuwa sai sha biyu da rabi ta shigo wayata.

Na tari keke na je shagon da ake buga takardu, a rufe, an tafi masallaci. Na biyun ma haka. Direban da zai kai ƙanwata ya ce ƙarfe biyu zai tashi, ko da ita ko babu ita.

Akwai wata firinta a ɗakin Yayanmu, ya bar ta da ya koma aiki Damaturu. Na kakkaɓe ta, na jona a inbatar sola, ta kawo wuta. Sai dai ba ta da allo, maɓalli uku ne kawai da wata shuɗiyar fitila mai ƙiftawa. Wayata ta neme ta ta rasa.

"Yaya, ba ke ce 'yar birni ba?" in ji ƙanwata. Wasa take son yi, amma idonta yana kan agogo.

Na kira Yayanmu a waya. Ina jin lasifikar masallaci a bayansa.

"Ke, alwala nake! Firintar nan hosfot ɗin wayata kaɗai ta sani. Ki sa wa naki sunan nawa da fasuwod ɗina, za ta ɗauka ni ne."

Ya faɗo su da sauri, na rubuta a tafin hannu da biron ƙanwata, ya kashe. Na canza. Fitilar ta yi ƙifta biyu, ta tsaya cak. Ta kama! Na danna a buga, firintar ta ja takarda, sai wayar ta rubuto wai ta yi zafi da yawa, ta kashe hosfot da kanta. Takarda ta fito da layi uku, sauran fari fat.

Ɗaya da minti arba'in. Wayar kamar an ciro ta daga kasko. Na cire mata riga, na hura mata iska, na yi mata fifita da mayafi. Na sake kunnawa, ko minti ba ta yi ba ta sake mutuwa. Ƙanwata ta zauna bakin gado da hijabinta da takalmi.

Umma tana bakin ƙofa tun ɗazu.

"Me ya same ta?"

"Zafi ne, Umma."

"To kawo nan."

Ta karɓe wayar ta nufi randar da ke inuwar baranda, wadda ake naɗe wa jiƙaƙƙen buhu. Na ce, "Umma, ruwa fa!" Ta ce, "Na ce miki ciki zan jefa?" Ta ɗage buhun, ta manna bayan wayar a jikin randar ta riƙe.

Horon mota ya tashi a waje. Umma ta ɗaga murya, "Malam direba, ka yi mana haƙurin minti biyar don Allah!"

Daga nan jikin randar na kunna, hannun Umma na riƙe, yatsana na dannawa. Ƙanwata tana ɗaki tana ƙwala mini, "Tana ƙiftawa... tana ƙiftawa... ta tsaya!" Na tura. Muka ji ƙarar jan takarda, babu wanda ya motsa har ta yi shiru.

Ƙanwata ta fito da gudu da takardar, har hotonta ya fito. Ta kai zaure ta juyo.

"Yaya, a ƙara ɗaya ko za ta jiƙe da gumi?"

Umma ta ce, "Wuce ki shiga mota, hannuna ya sage."