Anti Afi da Zabo na Ashirin

Kafin ladanin unguwar Gurugu ya sauke kiran asuba, Anti Afi ta riga ta hura wuta. Shinkafa da wake na tafasa da karan dafi, mai ba waakye jan launinsa, miya kuma na jiran nama. Ana idar da salla sai Afa Tahidu, limamin ƙaramin masallacin layin, ya biyo da wuƙarsa, ya yanka mata zabin ranar, ya karɓi kwanon farko, ya yi ƙorafin yaji, ya cinye. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka. A wannan watan gwiwa ta ce ta gaji, Anti Afi za ta miƙa wa 'yarta Nana Ama ludayi, shi ya sa muka ga ya kamata a faɗi abin da aka gani.

Anti Afi Kirista ce, 'yar garin Ho, ba ta fashin coci. Kuma kowa a Gurugu ya san tana son naman alade kamar ranta, don ba ta taɓa ɓoyewa ba. Sau ɗaya a shekara takan je gida wajen yayarta, ta ci har ta gode Allah, ta dawo tana ba da labari ana toshe kunne. Amma ko ƙamshinsa bai taɓa ƙetare ƙofar gidanta na Tamale ba. Fastonsu ya taɓa gaya mata addininta bai hana ta ba. Ta ce ta sani, ai ba addinin nata take wa girki ba.

Ranar da aka gwada ta da gaske ita ce ranar walimar Hajiya Adizatu, maƙwabciyarta da ta dawo daga Makka. Hajiya ta rantse ba mai dafa wa baƙinta sai Afi, duk da 'yan uwanta daga Sagnarigu sun yi ta gunaguni, wai a rasa mai girkin Hajiya sai 'yar coci. Ta tura zabi ashirin, ta ce baƙi bayan azahar.

Afa Tahidu ya yanka goma sha tara. Na ashirin ya kufce, ya haye rufin kwano, ya tsaya yana yi wa unguwa ihu. Afa ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce yana da suna a Choggu, in an kama a ajiye masa.

Nan ne mijin Afi ya shigo labarin. Ticha Kwamina malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai son taimakon da ba a nema ba. Afi na can tana jajjage, ya ɗauki dutse, ya saita, ya jefa. Shi kansa bai taɓa zaton zai samu ba. Zabo ya gangaro ƙasa bai ko shura ba. Ticha ya fige shi tsaf, ya yayyanka, ya juye cikin tukunya tare da sauran, ya wanke hannu, ya jira yabo.

Sai da miya ta yi ƙamshi ya kasa riƙe labarin. Ya ba ta shi da kwatance, har da yadda ya kanne ido ɗaya. Afi ta ajiye ludayi a hankali.

"Waye ya yanka shi?"

Ticha ya ce dutse ya riga ya rage wa kowa aiki. Da ya ga fuskarta sai ya koma wa'azi. Ya ce duk abin da Allah ya halitta mai tsabta ne, su 'yantattu ne, kuma zabo ɗaya cikin ashirin ko likita ba zai gane shi ba. In ta yi shiru, shi ma ya yi shiru, an gama.

Afi ta san gaskiya ya faɗa, ba wanda zai gane. Ta kuma san in ta buɗe baki, mutanen Sagnarigu za su ce ai sun faɗa, Hajiya ta ji kunya a ranar da ta fi kowace rana a wajenta, kuma watakila gobe layin masu sayen waakye ya watse. Ta tsaya tana kallon miyar, miya mafi kyau da ta yi a shekarar.

"Ticha, cikina nawa ne, abin da na ga dama ina sa masa," in ji ta. "Wannan tukunya kuwa cikin mutane ne."

Ta ɗaura ɗankwali ta shiga gidan Hajiya, ta faɗa a gaban 'yan uwan duka. Wata gwaggo ta fara tafa hannu. Aka kirawo Afa Tahidu a waya, ya dawo kan babur yana haki. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi wa Ticha: da zabon ya faɗo, da sauran rai ko babu? Ticha ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe, sannan ya ce a gaskiya jifar ta yi kyau da yawa.

Sai Hajiya Adizatu ta juya wajen gwaggon, ta tambaye ta, a duk masu girkin da ta so a kira, wace ce za ta zo da ƙafarta ta tona kanta kan zabo ɗaya? Gwaggo ta gyara mayafi.

Kafin la'asar labari ya zaga Gurugu. Wannan ta fito da kaza a hammata, waccan da zabuwa, Alhaji Mudasiru mai taya ya aiko da zakaransa da ya daɗe yana hana layin barci, kowa ya sa masa albarka. Afa ya yanka, aka yanke wa Ticha hukuncin figa, shi kaɗai, a rana. Baƙi suka ci a makare, suka nemi ƙari. Tukunyar farko kuwa aka kai wa 'yan kwayar coci. Har yau in sun ga Ticha sukan tambaye shi ko hannun nan na nan.

Ke ce, Anti Afi, wadda tsoffin layin nan ke cin abincinki ba su tambayi komai ba. Ke ce mai sauke labule a rumfarki duk watan azumi, ki ci naki a ciki, ki fito kina goge baki kina yi wa mutane sannu da ƙishirwa. Ba a sa ki ba, ba ki kuma bar cocinki ba ko na Lahadi ɗaya. Mun gode. Allah ya huta gwiwa, ya kai ki Ho lafiya ki ci abin da kike so.

Masu riƙe da tukunya, da masu riƙe da abin da ya fi tukunya, ku duba wanda zai ci kafin ku duba abin da aka halatta muku. Nana Ama ta riga ta koya. Jiya da safe an ga Afa Tahidu a ƙofar gidan da wuƙarsa, an kuma ga ta kwashe duk duwatsun tsakar gida.